Yadi Bai Kai Mita Ba

Litinin, 22 ga Satumba, bayan La'asar

Akwai abin da ban faɗa wa kowa ba, ko Inna, ko Yaya Mubarak. Ni ce na taɓa injin.

Yau kwana tara ke nan. Ina goge teburin da ordinater, wato kwamfuta, take kai, tsummana ya ja linzamin, wani ɗan akwati ya fito a fuskarta. Na tsorata, na danna don ya ɓace. Ya ɓace. Na zaci shi ke nan.

Bari in rubuta yadda wurin yake. A gidan Patron, maigidanmu, muke aiki ni da Yaya. Ba zan rubuta sunansa ba. Yana da ɗakin golf a bayan gidan, ɗaki mai klim, na'urar sanyi, babu taga. An shimfiɗa ciyawar roba a ƙasa, an rataye babban farin ƙyalle a bango, ana haska masa hoton fili kore da bishiyoyi irin na ƙasar Turawa. Patron zai tsaya da sandar ƙarfe ya maka wa 'yar ƙwallo. Ƙwallon ta daki ƙyallen ta faɗo nan gabansa, amma wani inji mai ido biyu da ke gefe ya riga ya gan ta, sai a hoton ka ga tana tashi sama ta je ta sauka can nesa. Sai lamba ta fito babba, nisan da ta yi ke nan. Yaya ne mai kunna injin. Ni shara, da tsince ƙwallaye, da miƙa ruwa.

Da can lambar Patron ba ta wuce 200. Washegarin ranar da na taɓa, bugunsa na farko ya nuna 219.

Talata, 23 ga Satumba, da hantsi

A watan jiya sanda uku ya karya. Ɗaya a bango, ɗaya a gwiwarsa, ɗaya a bayan Yaya, ranar da lamba ta ƙi wuce 190. Inna ta tambayi Yaya me ya sa yake kwana rub da ciki, ya ce zafi ne.

Tun da lambar ta hau bai doki kowa ba. Jiya har ya dube ni ya ce, “Ke 'yar bebiya, kin ga hannu?” Na sunkuyar da kai. Ya yi dariya. Buba, ƙaton da ke tsaron lafiyarsa, shi ma ya yi.

Ban san abin da na canza ba. Na dai san ba hannunsa ba ne.

Alhamis, 25 ga Satumba, bayan Magariba

Na gane.

Anti Huseina, wadda ta zo daga Kano bara, ta kawo wa Inna ɗinki. Ta jefa shaddar a kan keke ta ce, “Yadi biyar ne, Inna Hajjo, riga da zani da ɗankwali.”

Inna ta ja tef ta auna ta ce, “Mita huɗu da rabi.”

“Ikon Allah! To ɓera ne ya cinye rabin a hanya?”

“Ba ɓera. Yadinku ne guntu, kamar haƙurin 'yan Kano.”

“Au, mu ne marasa haƙuri? Wa ya riƙe min zani wata biyu?”

Suna dariya Inna ta kira ni ta ce in riƙe bakin tef ɗin. Ta nuna min inda yadi ya tsaya da inda mita ta tsaya. Tsakaninsu yatsuna biyar suka shiga. A jikin takardar shaddar an rubuta wasu haruffa biyu bayan lambar: yd.

Haruffan nan ne a kusurwar ordinater, ƙanana kamar tururuwa. Da can harafi ɗaya ne a wurin, m. A bango lambar kaɗai take fitowa.

Na yi lissafi a bayan littafin nan sau uku, don ban taɓa ƙwarewa a lissafi ba, shi ma ya sa ban wuce firamare ba. Yadi 219 mita 200 ne. Ko taki ɗaya Patron bai ƙara ba.

Juma'a, 26 ga Satumba, da yamma

Patron ya gayyaci abokansa bayan masallaci su ga hannu. Cikinsu akwai Alhaji Abdulnasir, wanda suke harkar manyan motoci tare. Abokai ne, amma kowa a gidan ya san ba sa son juna.

Patron ya buga, 221. Aka tafa. Alhaji bai tafa ba, yana ɓare gyaɗa. Ya ce, “Ni ma a cikin silimar nan taka, da sanyin klim a bayana, sai in kai ƙwallo Makka.”

Patron ya ɗauki kofin shayin da na miƙa masa ya maka a bango, ɓarɓashin ya yanke ni a ƙafa. Ban motsa ba.

Ya ce a bayan gonarsa ta Walia akwai reshen kogi, zai tsaya a wannan gaɓa ya tsallakar da ƙwallo waccan. Ranar Asabar, sha ɗaya ga watan gobe. Zai yanka sa, kowa ya zo da idonsa. Alhaji ya ce, “Zan zo da ido, zan zo da waya.”

Bayan sun tafi ya shaƙe wuyan rigar Yaya ya haɗa shi da bango ya ce, “Injina yana ƙarya?”

Yaya ya ce, “Ba ya ƙarya, Patron.”

Ni ina durƙushe ina tsince kwalba.

Asabar, 27 ga Satumba, da azahar

An tura Yaya ya auno faɗin ruwan da wayarsa. Mita 205. Patron ya ce, “Har da ragowa.”

Lahadi, 28 ga Satumba, da safe

Ban faɗa ba.

Talata, 30 ga Satumba, bayan La'asar

Ban faɗa ba. Na buɗe baki sau biyu, na sake rufewa.

Laraba, 1 ga Oktoba, da yamma

Na faɗa wa bayan Yaya. A kan babur muna dawowa unguwarmu Milezi, na manna baki a rigarsa na ce, “Yaya, ni ce na taɓa. Yadi yake nunawa.”

Ya taka birki a gefen titi kusa da mai sayar da kankana. Bai juyo ba. Ya ce, “Laure, kin zaci ni makaho ne? Tun rana ta biyu na gani.”

Na ce to me ya sa bai mayar ba.

Ya ce ranar ya kai hannu zai mayar, sai ya ga Patron yana dariya, shi kuma bayansa bai gama warkewa ba. Ya ce bari ya bar shi kwana ɗaya. Kwana ɗaya ya zama mako. “Yanzu in na mayar, gobe ya ga 200, ya ce ina ashirin ɗina? In ce masa me? In ce makonni biyu muna kallonsa yana rawa a kan iska?”

Ya ce shekaranjiya ya gwada ta wata hanyar. Ya ce wa Patron ɗaki ba kamar waje ba ne, injin bai san iska ba, bai san danshi ba, ya fi kyau a je gonar a gwada tukuna. Patron ya mare shi ya ce Alhaji ne ke magana da bakinsa. Ashe shi ya sa tun jiya yake juyo min da kunnen hagu in na yi magana.

Na ce yaya za a yi.

Ya ce mita biyar kawai ake nema. Zai kafa masa wurin bugun dab da ruwa, ya ba shi sababbin ƙwallaye, in Allah ya sa iska ta biyo ta baya za ta haye. Sannan ya juyo ya riƙe haɓata ya ce, “Ke ba ki taɓa komai ba. Ba ki san komai ba. Ke bebiya ce, kin ji?”

Ya saya min kankana.

Asabar, 4 ga Oktoba, da hantsi

Iya Delu, mai girkin gidan Patron, a Walia take zaune. Ta zo yau zaninta jiƙe har gwiwa, tana zagin kogi. Ta ce kamar kowace shekara, sai an gama ruwan sama sannan yake tasowa, ya cinye yakuwar maƙwabciyarta a dare biyu.

Ina wanke kofuna, kofi ya suɓuce. Bai fashe ba.

Litinin, 6 ga Oktoba, bayan Magariba

Yaya ya koma ya auna. 211. Bai faɗa wa Patron ba. Bai ci tuwo ba.

Alhamis, 9 ga Oktoba, da azahar

226 yau. Patron ya ɗaga sandar sama yana juyi, ya sa Buba ya ɗauki hoton lambar ya tura wa Alhaji.

Yadi 226 bai kai mita 207 ba. Na yi sau uku.

Ina ta roƙon iska. Ban taɓa roƙon Allah iska ba.

Asabar, 11 ga Oktoba, bayan Magariba

Ba na son rubuta yau.

An kafa rumfa, an yanka san, motoci har bakin hanya. Ni da Iya Delu muna raba ruwa. Babu iska ko kaɗan, ganyen mangwaro ko motsi.

Ƙwallon farko ta tashi da kyau, wallahi da kyau, kowa ya ɗaga kai. Ta faɗa ruwa dab da waccan gaɓar. Wani masunci da ke can cikin kwalekwale ya buɗe hannuwansa biyu yana nuna abin da ya rage. Aka yi dariya kaɗan.

Ta biyu ruwa. Ta uku ruwa. A ta biyar masuncin ya fara tsamo su da koma yana ɗagawa. A ta takwas wayoyi duk sun tashi sama. Alhaji ya ce, “A taimaka a fito masa da klim ɗin waje mana.” Wani har ya faɗo daga kujera.

Sha biyu. Sannan sandar ta bi su cikin ruwa.

Bai yi ihu ba. Ya juyo yana neman fuska ɗaya a cikin mutane har ya same ta. Buba ya kama Yaya ta ƙeya ya tura shi bayan mota, kansa ya daki ƙarfen ƙofa. Na ji ƙarar daga inda nake. Tiren yana hannuna, ban ajiye ba, ban yi komai ba.

Na ce wa Inna aiki ya riƙe shi, a can zai kwana.

Lahadi, 12 ga Oktoba, da La'asar

Bai dawo ba.

Litinin, 13 ga Oktoba, da azahar

Na je aiki. Ban san abin da zan yi ba in ban je ba.

Ɗakin yana wari. An bar injin a kunne. Ƙyallen yana da ɗigo-ɗigon jini daga daidai ƙirjin mutum zuwa sama, kuma akwai igiya a ƙarfen da aka rataye shi. Buba ya miƙo min bokiti da sabulu ya ce, “Ki wanke, ki rufe baki.”

Ƙwallaye talatin da ɗaya na tsince. Bakwai sai da na sa buroshi, saboda ƙananan ramukan jikinsu suna riƙe abu.

A gefen hoton akwai jerin bugun jiya. 188. 194. 201. Injin ya rubuta kowanne, ya kai kowace ƙwallo ta sauka a kan ciyawa kore. Shi tashinta kawai yake gani. Bai san abin da ya tare ta ba.

Na yi amai a bokitin, na zubar, na ɗebo wani ruwan.

Litinin ɗin dai, bayan La'asar

Iya Delu ta ja ni bayan murhu. Ta ce Patron ya kira Baturen da ya haɗa injin a waya, ya nuna masa fuskar ordinater, Baturen ya ce ai wannan yadi ne. Yanzu Patron ya ce Alhaji ne ya sayi Yaya don a kumbura shi a kai shi gaban mutane a fasa. Yana so Yaya ya faɗi haka da bakinsa a gaban waya, ya tura wa duk wanda ya yi dariya.

Na ce to Yaya me ya ce.

Ta ce ya ce shi ya danna bisa kuskure, ba wanda ya sa shi. Ta ce, “In ya ambaci Alhaji, yaran Alhaji ba za su bar shi ya kai Juma'a ba. In bai ambata ba, kin dai ga abin da kika wanke.”

Ta ce yana sito, bayan ɗakin janareta.

Talata, 14 ga Oktoba, da hantsi

Buba ya fita da Patron, na zagaya. Na kwanta a ƙasa na sa baki a ƙarƙashin ƙofa na ce, “Yaya.”

Ya amsa. Muryarsa kamar mai tuwo cike da baki. Ya ce, “Wa ya ce ki zo?”

Na tura dabino da ɗan burodi. Yatsu suka fito suka ja. Hannun hagu ne. Yaya ba bahago ba ne.

Na ce zan faɗa.

Ya ce, “Saurara, Lauratu.” Bai taɓa kirana da cikakken suna ba sai in na yi laifi. Ya ce in ɗauki Inna mu haye iyaka zuwa Kusseri wurin Kawu Sani. Ya ce Patron zai gaji, kullum yana gajiya. Ya ce, “Abin da yake min ni zan iya ɗauka. Ke ba za ki ɗauki ko ɗaya ba. In kika buɗe baki ban yafe miki ba.”

Ya yi tari mai tsawo. Sai ya ce, wai don in yi dariya, “Kin san hannunsa ya gyaru? Ko ɗaya bai kuskure ba.”

Ban yi dariya ba.

Laraba, 15 ga Oktoba, da yamma

Inna ta ji. Hoton kogin yana wayar kowa a Milezi, har yara suna buɗe hannuwa irin na masuncin suna dariya. Anti Huseina ce ta nuna mata, Inna ta ga lokacin da aka tura Yaya mota.

Ta mare ni. Ta ce kwana huɗu ina cin abinci da ita ina mata ƙarya. Sannan ta ja mayafi ta tafi gidan Patron, ni ina bin ta a baya. Ta riƙe ƙarfen ƙofa tana kiran sunan Yaya. Buba ya ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya ya hankaɗa ta, ta faɗa kwata. Gwiwarta ta fashe. Mutane suna wucewa a kan babur suna kallo.

Kafin mu isa gida an riga an shiga. An farke katifa, an zazzage akwatin Yaya, an kifar da keken ɗinki, ƙafarsa ta karye. Shaddar Anti Huseina tana ƙasa da sawun takalmi a kai. Littafin nan yana cikin tulun da babu ruwa, ba su duba ba.

Ina wanke mata gwiwa tana cewa, “Me ɗana ya yi musu? Me ya yi musu?” Ina kallon gwiwar.

Alhamis, 16 ga Oktoba, da azahar

Yau ƙwallaye biyar na sa wa buroshi.

Na zagaya sito na kira. Na kira sau huɗu. A na huɗun ya ƙwanƙwasa ƙofar da wani abu, sau ɗaya. Bai yi magana ba. Dabinon da na tura bai ja ba.

Patron bai gaji ba.

Alhamis, bayan Magariba

Kawu Sani ya zo. Ya ce gobe da safe zai haye da mu, shi kuma ya dawo ya nemi manya su yi magana. Na ce yaushe. Ya ce sai an sami wanda zai yarda ya shiga, wataƙila mako mai zuwa. Ya ce in yi haƙuri, ni yarinya ce.

Mako mai zuwa.

Iya Delu ta ce gobe za ta yi girki da yawa, mahaifiyar Patron za ta zo cin rana bayan masallaci. Ta ce tsohuwar ba ta san komai ba, ba a bari ta sani. A gabanta ba ya zama sai ta ce ya zauna.

Juma'a, 17 ga Oktoba, da hantsi

Na raka su tasha. Na taimaka wa Inna ta hau mota, na gyara mata ƙafar a kan ƙullin kaya. Direba yana ɗaure buhu a sama na ce na manta takardar haihuwata, ba za a bar ni in haye gada ba, su yi gaba zan biyo motar baya. Kawu ya yi tsaki. Inna ta riƙe hannuna ta ce, “Kar ki tsaya ko'ina.” Na ce to.

Takardar tana cikin rigata.

Patron ba ya jin Hausa sosai, tsohuwar kuwa ko kaɗan. Da Larabci, yarensu, zan faɗa. Ana bas sawwetah. Ni ce na yi. Na faɗa wa bango sau ashirin, sau ukun farko muryar ba ta fito ba, yanzu tana fitowa. Zan ce ina goge tebur ne. Zan ce ba wanda ya ba kowa komai. Zan ce yayana yana sito, ta sa a buɗe ta gani da idonta. Wannan na ƙarshen shi zan fara faɗa, ko da an toshe min baki kafin in kai sauran.

Ba zan kalle shi ba, ita zan kalla.

Yaya ya ce bai yafe ba. Ya fito tukuna, ya ƙi yafewar.

Na share ɗakin, na tayar da keken na jingina shi da bango. Na yi wanka. An fara kiran salla na farko. Da an sauko daga masallaci zan karɓi tiren shayi daga hannun Iya Delu, ni zan shiga da shi.